Ɗalibai 15, RAM gig 32: zai ɗauka ko ba zai ɗauka ba?

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara. Cibiyarmu ta koyar da kwamfuta da ke Yelwa muna da saba guda, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, mai RAM gig 32. Proxmox ne a kai, manhajar da ke raba kwamfuta ɗaya zuwa da yawa. So nake kowane ɗalibi ya samu VM nasa, wato kwamfutar kwaikwayo da ke aiki a cikin sabar, mai Windows, ya lalata abinsa ya gyara ba tare da ya taɓa na wani ba. Su 15 ne a aji, kowa gig 4, lissafi ya ba ni gig 60. Injiniya ya ce kada in sayi RAM, wai haka ma za ta ɗauka. Ni kuma hankalina bai kwanta ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Wannan lissafin na takarda ne, Alhaji. Gig 4 da ka rubuta wa VM iyaka ce ka sa masa, ba lallai ya cinye ba. Sannan akwai KSM, wata dabarar tsimin RAM, yana cikin Linux, tsarin da Proxmox ke zaune a kai, tun 2009, daga fitowar 2.6.32. Aikinsa ya riƙa bin RAM shafi-shafi, kowane shafi kilobait 4, in ya tarar da biyu iri ɗaya sai ya bar guda, dukkansu su riƙa karantawa daga nan. Wanda ya zo zai canza wani abu a shafin, sai a yanka masa nasa kwafin. To Windows ɗaya ce ka kwafa sau 15, me zai sa a ajiye abu ɗaya sau 15? Red Hat sun taɓa gwada Windows XP guda 52, kowace gig 1, a kan na'ura mai gig 16.

Ɗan Wunti: Oga Injiniya, da girmanka, XP fa ka ce. Yaushe rabon duniya da XP? Windows 11 gig 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Microsoft suka ce a ba ta, ba wai ta wadata ba ne. Yaro ya buɗe Chrome da shafukan intanet goma, abin da ke ciki nasa ne shi kaɗai, babu wanda za a haɗa shi da shi.

Injiniya: Chrome ɗin kansa ai iri ɗaya ne a wajen kowa.

Ɗan Wunti: Manhajar iri ɗaya ce, abin da aka loda a cikinta ne ya bambanta, kuma shi ne mai cin wurin.

Malama: Ku bar ni in sa baki. Injiniya bai yi ƙarya ba, na ga KSM ya kwato gig masu yawa a saba mai VM iri ɗaya. Amma akwai abin da ya tsallake, kuma a garin nan shi ne babba: lokaci. KSM ba nan take yake haɗa shafukan ba, a hankali yake bi yana dubawa, yana kuma cin ƙarfin furosesa. A Proxmox ma ba ya tashi aiki sai RAM ta kai wajen kashi 80 cikin ɗari a cike. Ita kuwa Windows, lokacin da take tashi takan bi RAM ɗin da aka ba ta kaf ta share, don haka a idon sabar ta riga ta karɓe gig 4 ɗinta. Yanzu ku ɗauka an ɗauke wuta ana tsakiyar darasi, batir bai riƙe ba, an tada janareta, VM 15 sun taso gaba ɗaya. A wannan mintin gig 60 ake nema da gaske, KSM ko takalmi bai sa ba. Sai saba ta fara zuba abin da ya yi yawa a faifai, komai ya yi nauyi. In nan ma ya cika, Linux yana da mai yanke hukunci, OOM killer, zai zaɓi wanda ya fi cin RAM ya kashe. A saba irin taka, Alhaji, wanda ya fi ci VM ne, wato aikin wani ɗalibi ya tafi.

Injiniya: Wannan ai yana da magani, Malama. Proxmox yana ba ka damar jera su, ka sa tazara tsakanin tashin wannan da wancan. Ka ba kowane minti ɗaya.

Malama: Minti 15 ke nan ɗalibai na zaune suna kallon allo, a darasin awa biyu.

Auta: Yayyena, ni tambaya ce da ni. Balan-balan ɗin da nake gani a saitin RAM fa, mene ne amfaninsa?

Malama: Direba ne da ake sa wa a cikin VM. In saba ta matsu, sai ya kumbura ya karɓe RAM ɗin da VM ba ya amfani da ita ya miƙa wa saba. Kamar adashi ne, yana tafiya ne muddin ba kowa ke neman ɗauka rana ɗaya ba. A Windows sai ka sa direbobin VirtIO da hannunka, in ba haka ba saitin ado ne kawai. Kuma ajin Alhaji kowa abu ɗaya yake yi a lokaci ɗaya, wa zai ba wani rance?

Ɗan Wunti: Ga kuma maganar tsaro. Kamfanin VMware, masu manhaja irin Proxmox, suna da irin wannan haɗa shafukan, amma daga manhajarsu ta ESXi 6.0 sun kashe shi tsakanin VM da VM sai in kai ka kunna, saboda masu bincike sun nuna ana iya leƙen maƙwabci ta nan.

Injiniya: Haba ɗan'uwa. Yaran da ke koyon Excel ne za su leƙa? Wannan damuwar masu ba baƙi hayar saba ce.

Ɗan Wunti: A nan kam na ba ka.

Baban Walid: To ni yanzu ina zan kama?

Malama: Me kake koya musu tukuna? Duk darasin da na Linux ne ko na haɗa sadarwa, kada ka ba su VM, ka ba su kontena ta LXC. Kontena ba ta ɗauko nata tsarin gaba ɗaya, jikin na sabar take rabawa, Debian, wani nau'in Linux, marar tagogi a ciki ko rabin gig ba ya kaiwa. Windows ce ba ta shiga kontena irin wannan. Sannan ka duba ko ZFS, wani tsarin adana fayiloli, aka sa wa faifan. A tsofaffin Proxmox yana iya riƙe har rabin RAM don ajiyar wucin gadi, sai daga 8.1 aka rage wa sabon girki zuwa kashi 10. In tsohon girki ne aka yi ta sabuntawa, mai yiwuwa gig 16 na can a hannunsa ba ka sani ba.

Injiniya: Wannan kuwa gaskiya ne, a fara da shi. Amma ina nan a kan cewa 15 za su zauna.

Malama: Za su zauna in suna hutawa. Alhaji, ka tada 8 gobe da ɗalibai a kansu, ka buɗe /sys/kernel/mm/ksm/pages_sharing, ka ninka lambar da kilobait 4, ka ga nawa aka kwato da gaske. Daga nan ka riƙa ƙara bibbiyu har ka ga faifai ya fara aiki babu dalili.

Baban Walid: Madalla, na gode. Zan raba ajin gida biyu kafin nan. Ɗan Wunti, in ka leƙa kasuwa ka tambayo min kuɗin gig 32.

Ɗan Wunti: Sai ka turo min hoton wadda ke ciki tukuna, Alhaji. Saba da yawa RAM ta musamman mai suna ECC suke ci, ta kwamfutar tebur ba za ta yi ba, kuma a duba ko akwai ramin sa RAM da ya rage a allon cikin sabar.