Shin cin abincin dare a jirgin kogin Nilu ya dace da ƙananan yara?

Baban Nana, Ali Ɗan Sofo:

Assalamu alaikum, ƴan uwa. In Allah ya yarda, a watan Disamba zan kai mahaifiyata ganin likitan ido a Alƙahira, kuma maiɗakina da yaranmu biyu za su raka mu, wato Nana mai shekara 6 da ƙanenta wanda bai cika uku ba. Mai masaukinmu ya ba mu shawarar shiga ɗaya daga cikin jiragen da ke yawo da mutane a kogin Nilu da dare ana cin abinci. Abin ya kwanta mini a rai, domin yaran nan ba su san wani ruwa ba sai Gulbin Maradi, wanda da rani ya yi sai ya koma rairayi. Duk da haka ina gudun in saya wa iyalina wahala da kuɗina. Wanda ya taɓa shiga da yara, don Allah ya haska mini.

Maman Sadiya, Zariya:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba Hajiya lafiya. Na shiga irin wannan jirgi da jikana mai shekara uku, kuma ba zan ba ka shawarar kai ƙaramin ba. Jirgin bai tashi ba sai bayan isha, lokacin da yaro ya saba yin barci, kuma idan ya rabu da gaɓa sai ya yi kamar awa biyu kafin ya dawo, babu mai juya shi saboda kukan ɗan wani. Kiɗa yana tashi da ƙarfi a ɗakin cin abinci, jikana ya toshe kunnuwa yana kuka, na fita da shi saman jirgi, can kuma iskar kogi ta hana mu zama. Abincin yana da yawa, kowa yana ɗiba da kansa, amma ban ci na kirki ba.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani tun kafin ka biya. Yawancin jiragen nan suna kawo mace mai rawa da suturar da ba za ka so kallonta a gaban mahaifiyarka da ƴarka ba, wasu kuma ana sayar da giya a cikinsu. Rawar da ake kira tannura, inda namiji ke juyawa da faffaɗan buje mai launuka, ita kam yara suna sonta ƙwarai.

Malam Abban Usama, Sabon Gari:

Maman Sadiya ta faɗi gaskiya. Na zauna a Alƙahira lokacin karatuna a Azhar, kuma abin da nake kai baƙi shi ne faluka, ƙaramin jirgi mai tafiya da iska, wanda za ka yi ciniki ka ɗauke shi kai da iyalinka kaɗai na awa ɗaya, a Ma'adi ko kusa da Zamalik. A Disamba rana tana faɗuwa a can wajen ƙarfe 5, saboda haka idan kun shiga bayan la'asar za ku ga kogin da haske, ku sauka daf da magariba, ku ci abinci a tudu. Idan yaro ya gaji, mai jirgin zai mayar da ku nan take. Sai dai gefen faluka gajere ne kuma babu makewayi, don haka kada ka shiga sai an nuna maka rigar ceto daidai jikin kowane yaro, kuma babba ɗaya ya riƙe ƙaramin har a sauka. Ku tafi da rigunan sanyi masu kauri.

Yaya Inno, Madarunfa:

Kafin ku tafi, ku kawo su nan tafkin Madarunfa su ga kwale-kwale a kan ruwa. A nan za ka gane ko ƙaramin yana tsoron ruwa ko kuwa mai son miƙa hannu ne a ciki.

Baban Nana, Ali Ɗan Sofo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun tsayar da faluka, kuma Asabar mai zuwa za mu leƙo Madarunfa, Yaya. Malam, ana samun rigar ceto ta yara a wurin masu jirgin, ko in sayo tawa kafin mu isa bakin kogi?