Neman kalmar Hausa ga "slacktivism": ni dai na tsaya a "latsa-ka-kwanta"

1/ Jama'a, ku taya ni da wata kalma. Ina shirya wa ɗaliban kimiyyar siyasa bayani da Hausa kan yadda matasa ke neman haƙƙi ta wayar hannu, sai na ci karo da "slacktivism". Kwana uku ke nan tana yi mini yawo a ka.

2/ Turawa kalmomi biyu suka haɗa, kasala da fafutuka. Suna nufin wanda ya ga an zalunci wani, ya latsa alamar so, ya tura hoton ga abokai, ya mayar da hoton shafinsa baƙi, shi ke nan ya ji ya sauke nauyi. Kalmar zargi ce, don haka duk fassarar da ba ta da wannan yajin ba ta kai ba.

3/ Rabinta na biyu ba ya ba mu wahala, muna da gwagwarmaya, muna da fafutuka, muna da raji. A kunnena gwagwarmaya ta fi nauyi, tana da warin gumi da ɗaurin kurkuku. Ita ce ta 'yan jam'iyyar NEPU tun 1950, ita ce ta Hajiya Gambo Sawaba da aka yi ta ɗaure ta saboda ta ce mata su yi zaɓe. Fafutuka ta fi faɗi, har mai neman a gyara rijiyar burtsatse ta unguwa yana cikinta.

4/ Wani malami ya ce mini, "Ai sojojin baka ne." Allah gafarta Malam, ban yarda ba. Sojan baka muna jin sa a gidajen rediyon Kano, yana da ubangida, yana da abin da ake ba shi. Haka 'yan data, masu kare 'yan siyasa a intanet don abin da ake ba su. Shi kuwa wannan ba wanda ya biya shi ko sisi, da gaske abin ya taɓa masa zuciya, matsalarsa kawai a kan allon waya ya fara, a nan ya ƙare. "Ihu bayan hari" ma bai yi ba, wannan maganar makara ce, mu kuwa maganar ƙarancin ƙoƙari muke yi.

5/ Wadda ta kusa burge ni ita ce "fafutukar zaune", har na rubuta ta. Sai na tuna cewa zama kansa makami ne. Bayan sace 'yan mata 276 a Chibok a watan Afrilun 2014, masu #BringBackOurGirls zama suka yi ta yi a Unity Fountain da ke Abuja, rana da ruwa, shekara da shekaru. Ɗaliban nan huɗu baƙar fata na Greensboro a Amurka, a 1960, zama suka yi a wurin cin abincin da aka haramta musu. Mu da muke da "zaman dirshan" bai dace mu mayar da zama abin gori ba. Na goge ta.

6/ Abin da na kawo shi ne "latsa-ka-kwanta". Hausa ta saba da irin wannan gini, kamar faɗi-ka-mutu da ci-ma-zaune. A teburin mai shayi ta zo mini. Wani matashi yana kusa da ni, gilashin wayarsa a tsage, yana karanta labarin wani hari a ƙauye, idonsa ya yi ja. Ya rubuta addu'a, ya sa maudu'in #NorthIsBleeding, ya tura. Ya kife wayar kusa da kofi ya ce, "To, mun yi namu, bari in je in kwanta." Da na tambaye shi sunan ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓarsa, sai ya yi shiru. Ba na ganin laifin tausayinsa ko kaɗan, kwanciyar ce ke ci mini rai.

7/ Amma a yi hattara, su kansu masana ba bakinsu ɗaya ba. A 2010 marubuci Malcolm Gladwell ya ce dangantakar intanet sako-sako ce, ba ta isa ta sa mutum ya sayar da ransa ba. Masaniya Zeynep Tufekci kuma ta nuna cewa intanet na tara dubban mutane cikin kwanaki kaɗan, sai dai taron kan rasa shugabanci da tsarin da zai riƙe shi idan tura ta kai bango. Mun ga duka biyun. #EndSARS ta sa an rushe rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga Oktoba 2020. #NotTooYoungToRun ta bi majalisun jihohi har Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar rage shekarun takara ranar 31 ga Mayu 2018, shekarun takarar majalisar wakilai suka sauko daga 30 zuwa 25. Waɗannan sun latsa, amma ba su kwanta ba.

Kuma akwai wadda latsawar ma jarumta ce gare ta. Matan da suka faɗi cin zarafin da aka yi musu a ƙarƙashin #ArewaMeToo a 2019 sun sha zagi da barazana. Wanda ya kira su 'yan latsa-ka-kwanta ya zalunce su.

8/ Don haka kalma biyu nake so mu riƙe: "fafutukar intanet" ga aikin gaba ɗaya, ba yabo ba zargi, sai "latsa-ka-kwanta" ga wanda ya tsaya a yatsa. Ku gwada a baki: "Wane ɗan latsa-ka-kwanta ne, ko katin zaɓe ba shi da shi." "Mu daina latsa-ka-kwanta, gobe mu je sakatariyar ƙaramar hukuma."

Abu ɗaya ya rage mini, tsakanin "latsa" da "danna". 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, wanne kuka fi faɗa idan kuna taɓa waya? Zan shiga aji ranar Litinin, ina so in rubuta ta a allo.