Musayar waƙa: naciya a addu'a da jiran lokacin Ubangiji

Bitrus, Rogo:
Salama gare ku 'yan'uwa. Yau ni zan buɗe fage, wanda ya ji zai iya ya amsa.

Na durƙusa har gwiwa ta yi kanta,
Roƙon jiya yau ma na maimaita,
Bautar ƙasa ga shi na kammala ta,
Takarda na akwati, ƙura ta rufe ta,
Ya Ubangiji, ko Ka manta?

An ce mu ƙwanƙwasa za a buɗe,
Na ƙwanƙwasa har hannu ya gurɗe,
Damina ta zo, rani ya shuɗe,
Ku da kuke bin Yesu kun daɗe,
Ku gaya mini ranar da za a buɗe.

Mama Saratu, Kagoro:
Ɗana Bitrus, share hawayenka,
Hannatu a Shilo ta riga ka kuka,
Feninna kullum gori da suka,
Eli ya gan ta, mashayiya ya ɗauka,
Sai ga Sama'ila, an yi barka.

Malam Ishaku, Wusasa:
Mama, kin lallaɓa shi da yawa. Bakano ne, bari in yi masa da harshen da yake ji.

Bakano ya mai da addu'a ciniki,
Ya taya da safe, da yamma ya ja tsaki,
Nan ba Kwari ba ne, fada ce ta Sarki,
Ibrahim ya tsufa yana jiran biki,
Kai daga gama hidima har ka buɗe baki?

A Farawa 12 Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawari. A sura 21 yana da 100 aka haifi Ishaku. Ka lissafa da kanka, tunda lissafi gadonku ne.

Bitrus, Rogo:
Mai albashi na koya mini jurewa,
Ya ci ya ƙoshi yana fassara yunwa,
Ibrahim ɗin da kake ta ambatawa,
Shi ma a hanya ya taɓa gazawa,
In ka musa, sura sha shida, Farawa.

Talatu, Tudun Wada:
Kai! Bitrus ya gama da shi. Kano tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka.

Yohanna, Giwa:
Wane an fi ka? Ai hujjar Malam ya ƙara wa ƙarfi. Gaggawar da aka yi a sura 16 ɗin me ta jawo wa gidan in ba rikicin Saratu da Hajaratu ba? Zazzau ta ci wannan zagaye.

Malam Ishaku, Wusasa:
Kafin mu shiga Farawa, mu duba awo tukuna. Baitinka na farko, ɗango na huɗu gaɓa 13 ne, na biyar gaɓa 9. A baiti na biyu kuwa kalmar da ka fara amsa-amo da ita, ita ka sake kawowa a ƙarshe. Wane kari ka hau, mutadarak ko ramal?

Ba a kai wa bagade gurguwar dabba,
Malakai ya faɗa, ba ni na ce ba,
Baitin da ya karye bai cancanta ba,
Gyara shi, Bakano, wannan ba gaba ba.

Bitrus, Rogo:
Malam, ni a mawaƙan matasa na ikilisiyarmu na koyi waƙa. Ganga ce ma'aunina, kuma a kanta baitin nan yana zama daram. Aruli, wato ilimin awon waƙa, naku ne.

Talatu, Tudun Wada:
To Dauda wane bahari ya hau da ya yi Zabura?

Malam Ishaku, Wusasa:
Talatu, kada ki jingina wa masu Zabura sakaci. Zabura 119 an jera ta ne bisa haruffan Ibrananci 22, kowane harafi da ayoyi takwas, duka 176. Mutumin yana cikin ƙunci, yana tambaya yaushe za a ta'azantar da shi, amma bai tsallake harafi ko ɗaya ba. Jurewa a addu'a da jurewa a awo duk tarbiyya ɗaya ce.

Yohanna, Giwa:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. Wusasa ba wasa ba.

Talatu, Tudun Wada:
Malam ka manta Zabura hamsin da ɗaya,
Karyayyar zuciya ita ce hadaya,
Mai karɓar haraji bai iya ƙafiya,
Ya bugi ƙirji, ya koma gida lafiya.

Yohanna, Giwa:
Ɗangonki na uku ma ai bai cika ba. Ana cewa “bai iya ba”.

Talatu, Tudun Wada:
Larurar waƙa ce, je ka tambayi malaminka. Kai da ko baiti ɗaya ba ka kawo ba tun da aka fara, sai tafi.

Mama Saratu, Kagoro:
Haba 'ya'yana. Yaro ya zo da nauyi a zuciya, kun bar shi a tsaye kuna ƙirga gaɓa.

Ayuba, Maraɗi:
Ku yi mini haƙuri, tun shekaranjiya rezo ya ɗauke a wajenmu, yanzu na ga baitocin. Bitrus nake amsa ma, ba ruwana da faɗan Kano da Zazzau.

Mu a Maraɗi muna shukar binne,
Iri a ƙasa, gona duk a ƙone,
Ba ka komawa gobe ka tone,
Don ka ga tsiro, wannan hauka ne,
Yakubu ya ce jira, ruwan na Allah ne.

Rifkatu, Mubi:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Ran 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 a makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan ikilisiyarmu ne. Wasu sun tsere, wasu an sako su, wasu har yau shiru. Da su a raina nake amsa wa Yaya Ayuba.

Yaya Ayuba, ban ƙi taka ba,
Amma akwai shukar da ba ta tsira ba,
Akwai uwa a Chibok ba ta daina ba,
Azumi da kuka, 'yar ba ta dawo ba,
Wasu sun rasu ba su ga fuskar ba.

Kar ku ce jinkiri alheri ne gare ta,
Kar ku ce ƙarancin bangaskiya ya hana ta,
Marta ta tari Yesu da ƙorafinta,
Da kana nan da bai mutu ba, in ji ta,
Bai kore ta ba, ya saurare ta.

Mama Saratu, Kagoro:
'Yata, kin faɗi abin da muke jin nauyin faɗa. A Zumuntar Mata muna ambatonsu, da Leah Sharibu ta Dapchi da aka ɗauke tun Fabrairun 2018.

Baba Istifanus, Miango:
Rifkatu 'yata, Allah ya yi miki albarka. Idona ya yi rauni, jikata ke rubuta mini. Bari in ba ku abin da na riƙe. A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka Ikko da nufin kawo bishara ƙasar nan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 Kent ya rasu a Bida, Gowans ya rasu a Girku. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake mayar da shi. Sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi, ECWA kuwa sai 1954. Biyun nan ba su ga ko ikilisiya ɗaya ba, ni kuwa a cikin amsar addu'arsu aka yi mini baftisma.

Wasu sun roƙa, an sa a hannunsu,
Wasu sun roƙa, aka ba jikokinsu,
Ibraniyawa ta jera mana sunansu,
Sun mutu alkawari bai iso gare su,
Daga nesa suka hango, aka yaba musu.

Rifkatu, Mubi:
Na gode Baba. Amma uwa ba don jikoki take roƙo ba. 'Yarta take so, da idonta, a duniyar nan.

Baba Istifanus, Miango:
Haka ne, kuma tana da gaskiya. Gwauruwar da ke Luka 18 ma haƙƙinta take nema a nan duniya, kuma Ubangiji da kansa ya kawo misalinta don kada mu karaya. Ba a ce ta zauna ta yi shiru ba. Kullum tana gaban alƙali har ya gaji da ita. Ku ci gaba da kuka ga Allah, ku ci gaba da tambayar hukuma.

Rifkatu, Mubi:
To zan yi ta kuka ba gajiyawa,
Har yaushe? sau huɗu Dauda na cewa,
A Zabura sha uku, ba ya ɓoyewa,
A nan kuma ya ce da ƙaunarKa na dogara.

Ɗangon ƙarshe ya ƙi bin amsa-amo, amma maganar Dauda ce, ba zan canja ta ba.

Bitrus, Rogo:
Yaya Rifkatu, kin rufe mini baki,
Ni da nake kuka a kan rashin aiki,
Zan ci gaba da roƙo a cikin ɗaki,
In sa iyayen nan gaba wurin Sarki,
Malam ya ƙirga, ni ba zan ja tsaki.

Talatu, Tudun Wada:
Wannan shi ne ɗan Kano. Ya sha suka ya miƙe.

Ayuba, Maraɗi:
Rezo ya dawo. Rifkatu ƙanwata, na ji taki.

In yayyafi ya yaudari binne ya ƙone,
Ba mu barin gona mu koma mu zaune,
Mu ari iri wajen maƙwabci ne,
Mu sake shuka, ko hawaye na zuba ne.

Yohanna, Giwa:
Malam Ishaku, har yanzu ba ka amsa wa Talatu baitin Zabura 51 ba fa. Kada Kanawa su ce Zazzau ta gudu.

Malam Ishaku, Wusasa:
Ban gudu ba. Maganar Rifkatu ce ta tsayar da ni, na rufe waya na yi addu'a. Talatu za ta ji amsarta gobe bayan sujada, ƙwar biyar, amsa-amo ɗaya. Kai kuma Bitrus, ɗangonka na ƙarshe ka haɗiye “ba” don ƙafiya ta zauna, irin na 'yar garinku. Ka zo da shi a gyare.