Muhawara: Ya dace ɗalibin aljabra ya sami maki alhali amsarsa kuskure ce?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. A takardar ƙa'idojin da aka raba wa ɗaliban aljabra na shekarar farko a kwaleji akwai layi ɗaya da ya tsaya mini a rai. An ce tambaya mai maki 10, matakan aiki suna da 7, amsar ƙarshe tana da 3. Wato yaro ya kawo amsar da ba ita ba, ya tashi da 7. Wani ya rubuta amsa daidai bai nuna aiki ba, a ba shi 3. Ni kam ban yarda ba. Lissafi ba insha'i ba ne, ko ka samu ko ba ka samu ba.

Malamar aljabra: Wa'alaikumus salam, Injiniya. Irin wannan ƙa'idar nake bi, kuma zan kare ta. Ɗauki 2x² − 7x + 3 = 0. Amsa ita ce 3 da 1/2. Ɗaliba ta gane irin tambayar, ta kawo ƙa'idar da ta dace, ta sa kowace lamba a gurbinta, ta fitar da 49 − 24 = 25. Sai a layin ƙarshe ta raba da 2 maimakon 4. Na kusa da ita kuwa sunansa kawai ya rubuta, ya miƙa takarda fara fat. Idan na ba su sifiri su biyun, na yi wa wanda zai karanta sakamakon ƙarya, domin na ce masa iliminsu ɗaya.

Injiniya: Malama, a wurin aiki ba mai tambayarki inda kika kauce. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter. Wani ɓangare na masu aikin ya ba da ƙarfin turi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren ya ɗauka da ma'aunin niwton ne, bambancin ya kai ninki 4.45. Sauran lissafin ya tafi yadda ya kamata, amma kumbo ya kusanci duniyar Mars fiye da yadda aka tsara, ya salwanta. Wa zai ba su 7 cikin 10?

Malamar aljabra: Ai misalinka ni yake goyon baya. Lambar da ta fito daga kwamfuta ba ta nuna wata matsala a fuskarta ba. Da a kowane layi an rubuta ma'aunin da ake amfani da shi, wani ya bi layin ya duba, da an kama kuskuren. Wannan ɗabi'ar nake saya da maki 7 ɗin nan. Kuma aji ba wurin aiki ba ne tukuna. Nan ne ake so a yi kuskuren a fili, inda zan gan shi in sa masa jan biro.

Ɗalibi: Malama, a yi mini afuwa, ni ɗaya rabin ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Akwai tambayoyin da ina kallo nake ganin amsa. x² − 5x + 6 = 0, ai 2 da 3 ne, su ne idan ka ninka su ba da 6, ka tara su ba da 5. Don me za a rage mini 7 saboda kaina ya yi sauri?

Malamar aljabra: Ɗana, abin da ka faɗa yanzu shi ne aikin. Rubuta shi, layi biyu ne, makinka ya cika. Ban ce ka cika shafi ba. Amma amsa tsirara ba ta gaya mini komai. Wani zai ga 16/64, ya soke 6 na sama da 6 na ƙasa, ya sami 1/4, kuma amsar daidai ce! Gobe ya yi wa 12/24 haka, ya soke 2 da 2, ya ce 1/4, alhali rabi ne. Idan amsa kawai nake dubawa, ranar farko zan tafa masa, ya tafi da cutarsa.

Mai taimaka wa malami duba takardu: Ina tare da Malama a asali, amma Injiniya yana da gaskiya a wani wuri, kuma mu masu jan biro mun san shi. Wasu ɗalibai sun gane cewa rubutu yana kawo maki, sai su zuba duk ƙa'idar da suka haddace a kan takarda, uku ko huɗu, ko ɗaya za ta dace. Mai dubawa ya gaji, ya ga shafi cike, ya ba da 4. Wannan ba makin fahimta ba ne. Sannan kuskure iri-iri ne. Wanda ya ce 7 × 8 = 54 hannunsa ne ya zame. Wanda ya ce (x + 3)² = x² + 9 bai san abin da ninka abu da kansa yake nufi ba, kuma da ya sa x = 1 zai ga 16 a hagu, 10 a dama. Haka wanda aka ba x² = 5x ya raba da x, ya ce amsa 5 ce kawai, ya jefar da sifiri. Takardar da ta ce 7 da 3 kurum ba ta raba waɗannan ba, ga ni nan ne rauninta yake.

Malamar aljabra: Wannan gyara ne mai kyau, kuma masu shirya manyan jarrabawa sun daɗe da yin sa. A tsarin Cambridge ta Ingila akwai makin hanya daban, makin daidaiton amsa daban, kuma makin hanya ba ya samuwa sai hanyar ta zama wadda za ta kai ga amsa. Rubuta ƙa'ida kawai ba a yi amfani da ita ba yawanci ba ya kawo komai. Akwai kuma inda ake bin ɗalibi da lambarsa: ya yi kuskure a layi na biyu, ya ci gaba daidai da abin da ya samu, ba a hukunta shi sau biyu kan laifi ɗaya. Ni ma haka nake yi, kuma (x + 3)² = x² + 9 a wurina yana cinye makin matakan da suka dogara da shi gaba ɗaya.

Wata ɗaliba: To Malama, manhajojin waya irin su Photomath yanzu har matakan suke nunawa ɗaya bayan ɗaya. A aikin gida, mutum zai kwafe layi bakwai kamar yadda zai kwafe amsa.

Malamar aljabra: Gaskiya ne 'yata, shi ya sa aikin gida ba ya ɗaukar kaso mai nauyi a wurina. Yawancin maki a ɗakin jarrabawa yake, inda ba waya. Wanda ya kwafa duk zango, ranar nan hannunsa ba zai san inda zai fara ba.

Injiniya: Na ji duk bayananku, kuma na yarda takarda fara da takardar da ta kauce a layin ƙarshe ba ɗaya ba ne. Amma har yanzu 7 ya yi yawa. Ku koma kan ɗalibar Malama. Ta raba da 2, ta sami 6 da 1. Da ta mayar da 1 cikin tambayar, 2 − 7 + 3 zai ba ta −2, ba sifiri ba. Ko minti ɗaya ba zai ɗauke ta ba. Aljabra tana cikin darussan da ɗalibi zai iya sanin ya ci ko bai ci ba tun kafin ya miƙa takarda. Wadda ba ta duba ba ta bar mataki mafi muhimmanci, amma kun ce matakanta sun cika.

Mai taimaka wa malami duba takardu: Nan kam ka taɓo wuri, Injiniya. Akwai ma tambayoyin da dubawar ba zaɓi ba ce. √(x + 2) = x, idan ka ninka kowane ɓangare da kansa za ka sami 2 da −1. Kowane layi daidai yake, amma −1 amsar bogi ce, domin hagu zai ba da 1, dama −1. Ba ta fitowa fili sai an mayar da ita cikin tambayar asali.

Malamar aljabra: To a sa dubawa cikin matakan, da makinta a rubuce: 5 na hanya, 2 na dubawa, 3 na amsa. Wanda amsarsa ta kauce kuma bai duba ba ya tsaya a 5. Wanda ya duba, ya ga ba ta zauna ba, ya rubuta cewa akwai kuskure amma lokaci ya ƙure, zan ba shi 2 ɗin nan da zuciya ɗaya.

Injiniya: Wannan na ƙarshen na amince da shi, don wanda ya ce lissafinsa bai zauna ba ina iya aiki da shi. Sai dai 5 ɗin ma a rage. Inda makin cin jarrabawa yake 50 cikin 100, tsarinki yana nufin yaro zai iya wucewa bai sami amsa ko ɗaya daidai ba. Ni 4 zan ba hanya, 2 dubawa, 4 amsa.

Ɗalibi: Malama, Baba Injiniya, ko wanne kuka zaɓa, don Allah a rubuta mana shi a takardar tun makon farko, da misalin takarda ɗaya da aka duba, mu ga inda kowane maki ya faɗa.