Ɗana zai tafi karatu Houston: wane shiri ake yi wa guguwar teku?

Wani uba daga Mabera:
Assalamu alaikum. Babban ɗana ya samu gurbin karatu a birnin Houston na jihar Texas a Amurka, kuma zai tashi a watan Agusta in Allah ya yarda. Tun da mahaifiyarsa ta ji cewa garin yana kusa da Tekun Meziko, inda mahaukaciyar guguwa take yawan sauka, hankalinta bai kwanta ba. Mu dai iskar da muka sani ita ce ta farkon damina mai yaye kwanon ɗaki. Ina roƙon masu masaniya su faɗa mini abin da ya kamata yaron ya tanada.

Malamin labarin ƙasa daga unguwar Runjin Sambo, Sakkwato:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a karatun. Lokacin guguwar yana farawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, amma ta fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, wato zai sauka ne daidai lokacin da abin yake kan ganiyarsa. Da yawa daga cikin manyan guguwoyin nan asalinsu hadarin da yake ratsa yankinmu na Sahel ne, ya fita ta gaɓar Senegal, sannan ɗumin ruwan teku ya ƙara masa ƙarfi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne ruwa ya fi iska kisa. Houston tana da ɗan nisa da bakin teku, saboda haka babbar barazanarta ruwan sama ce. A 2017 guguwar Harvey ta yi kwanaki a kan yankin, har wasu wurare suka samu ruwan da ya haura milimita 1,500, fiye da ninki biyu na abin da Sakkwato take samu a shekara. Duk wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'armu ta Usmanu Ɗanfodiyo zai fahimci nufina.

'Yar Sakkwato mazauniyar Texas:
Baba, ku kwantar da hankalin Mama, domin guguwar ba ta zuwa bagatatan. Hukuma takan yi sanarwar farko awa 48 kafin iskar ta iso, sannan ta yi gargaɗi idan saura awa 36. Kuskuren da na yi a shekarata ta farko shi ne jiran sanarwar. Da na isa kanti, babu ruwan gora ko ɗaya, sai kwalaye a zube a ƙasa.

Ya sayi ruwan sha tun a makon farko, kamar lita 4 na kowace rana, da abincin da ba ya bukatar girki, da tocila, da rediyo mai batir, da ɗan kuɗi a hannu. Fasfo da takardun makaranta ya ƙulle su a leda. Ya tambayi makarantarsu ko unguwarsa tana cikin waɗanda ake kwashewa, kuma idan an ce a fita, ya fita nan take. Kada ya shiga ruwan da ya rufe titi, da ƙafa ko da mota, kuma kada ya kwana a gidan da aka kunna janareto a cikinsa, domin hayaƙinsa ya hallaka mutane da dama bayan guguwar Laura a 2020.

Wani uba daga Mabera:
Allah ya saka muku da alheri. Ɗakin da aka nuna masa a hoto na ƙasa ne, kuma yau da dare zan sa ya rubuta wa masu ɗakin ya nemi na saman bene.