Zara da Gamzaki: tauraro ɗaya ne ko biyu?

Mai kwamfuta, Argungu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Zan faɗi wata magana, na san za ta tayar da ƙura. Zara da muke gani yamma bayan magariba, da Gamzaki da ke fitowa gabas kafin asuba, abu ɗaya ne. Larabawa na ce mata Zuhura, ita ce duniya ta biyu daga rana. Na fi shekara biyu ina bibiyarta, dare bayan dare, in an ɗauke wuta in fita bayan gida da tabarma da tsohuwar kwamfutata.

Baba masunci, Yauri: Wa alaikumus salam. Yaro, shekarata arba'in bisa ruwa. Zara matar wata ce, shi ya sa aka cewa miji da mata sun dace kamar wata da zara. Gamzaki namiji ne, shi ka tashe mu mu duba koma. Haka munka taras ga iyayenmu. Ina mace ta zama namiji?

Mai kwamfuta, Argungu: Allah ya ƙara girma Baba. Sunayen ban taɓa su ba, ina son su har raina. Amma a tuna azumin 2025. A daren farko da na biyu, duk wanda ya duba yamma ya ga jinjirin wata da Zara kusa da juna. Kullum sai ta ƙara yin ƙasa, tana bin rana. Kafin a shiga goman ƙarshe ta ɓace. Ranar 23 ga Maris ta ratsa ta tsakaninmu da rana. Bayan ƙaramar salla wa ya fito gabas da asuba? Gamzaki. Kuma tun daga lokacin har ƙarshen shekarar babu Zara a yamma.

Malama, Birnin Kebbi: Wannan ya tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Da Gamzaki take tashi ɗora sahur, amma wata shekarar sai ta ce "bana Gamzaki ya yi tafiya," ta koma dogaro da carar zakara. Muna yara ba mu taɓa tambayar ina ya tafi ba.

Ɗalibi, Jega: Ni dai ban yarda da hujjar kwamfuta ba. Mutum ne ya zauna ya rubuta manhajar, abin da ya zuba mata shi za ta nuna maka. Jiya-jiya aka gama yaɗa hoton ƙarya a Facebook wai an ga wata biyu.

Mai kwamfuta, Argungu: Gaskiyarka ɗan'uwa, ni ma hotunan Facebook sun ishe ni. Shi ya sa ba na karɓar maganar manhaja sai na gwada ta. Stellarium nake amfani da ita, kyauta ce. Ka sa mata garinku da ranar da kake so, ta zana maka sama. Sai in rufe kwamfutar in ɗaga kai. Inda ta ce, nan nake samu, ko da hazo ya ɗan dushe ta. Kuma akwai gwajin da ba ya buƙatar wuta ko data: miƙe hannunka ka auna daga inda rana ta faɗi. Zara ba ta taɓa wuce taƙi biyu da ɗan wani abu, wajen digiri 47. In ta daɗe ƙwarai, bayan awa uku da 'yan mintuna ta bi rana ta faɗi. Haka Gamzaki ba ya riga rana fitowa da fiye da hakan. Tana kewaya rana ne ta cikin da'irarmu, cikin kwana 225, don haka ba ta iya yin nisa da ita a idonmu. Wajen wata takwas ko tara tana yamma, ta ɓuya kamar mako guda, ta yi wasu watannin a gabas, ta sake ɓuya kusan wata biyu a bayan rana. Duk zagayen kwana 584 ne.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne daren da na ɗora madubin hangen nesa a kan katanga don kada hannuna ya yi rawa. Ana saura kwanaki ta ɓace, sai na gan ta siririya, lanƙwasasshiya kamar jinjirin wata ɗan kwana biyu. Na kira ƙanena ya duba, ya yi ta salati. Abin da Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya fara gani ke nan a 1610.

Baba masunci, Yauri: To ji nan. Ni da idona na ga su dare guda. Da magariba ga Zara bisa yamma, munka kwana cikin kwalekwale, da asuba ga babban tauraro gabas. Wanga hwa?

Malamin islamiyya, Gwandu: Baba bai yi ƙarya ba, amma sama ba ta rasa wasu masu haske. Akwai Mushtari, ita ma duniya ce mai kewaya rana, wadda Turawa ke ce wa Jupiter. Akwai Shi'ira, tauraruwa mai tsananin haske wadda Allah ya ambata a Suratun Najmi, aya ta 49. Mai yiwuwa ɗayansu ne. Ina kuma tunatar da mu, kallon taurari don gane hanya yana cikin Suratun Nahli. Wanda aka hana shi ne duba da su.

Mai kwamfuta, Argungu: Allah ya saka Malam. Baba, in da wanda ka gani yana ƙyalƙyali yana canza launi, Shi'ira ce. In haskensa a tsaye yake, bai kai na Zara ƙarfi ba, Mushtari ne, kuma da ɗan madubi za a ga 'yan ɗige har huɗu a jere gefensa, watanninsa ke nan.

Ɗalibi, Jega: Kenan a wurin mutanenmu Gamzaki sunan aiki ne, duk mai hasken da ya riga alfijir fitowa gabas?

Malama, Birnin Kebbi: Kakata dai ba kowanne take kira haka ba. Ta san nata.

Baba masunci, Yauri: Ban sauka ba tukuna. Ka taho Yauri da kwamfutar taka da madubin, ka kwana wurina, mu shiga ruwa tun magariba. In na nuna maka, kai kuma ka nuna mini ɗigon nan huɗu.

Mai kwamfuta, Argungu: Na karɓa Baba. Bari wata ya yi duhu, zan cika batir in taho ranar Juma'a bayan an sauko masallaci.