Aikinsu ɗaya, albashin wasu bai kai rabin na wasu ba: in yi magana ko in yi shiru?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni shugaban sashe ne a wata masana'anta. A ƙarƙashina akwai ma'aikatan dindindin, akwai kuma waɗanda wani kamfanin dillancin ma'aikata ya kawo. Inji ɗaya suke tsayawa a kai, lokacin tashinsu ɗaya, amma albashin 'yan dillali bai kai rabin na sauran ba. Ba hutun shekara, ba kuɗin asibiti, ba fansho. Wanda ya ji rauni a bakin aiki, washegari an kawo wani. Wasu sun yi shekaru a haka. Abin yana hana ni barci, amma ina da iyali, ina tsoron in buɗe baki a sallame ni. Yaya zan yi?

Wata lauya: Wa alaikumus salam, Malam. Dabarar sananniya ce: a sa dillali a tsakani don kamfani ya ce ba ma'aikatansa ba ne. A 2006 ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ILO, ta fitar da Shawara ta 198, inda ta ce a duba yadda aikin yake gudana a zahiri, ba sunan da aka rubuta a kwantiragi ba. Wa ke ba su umarni? Wa ke tsara musu lokaci? Kayan aikin na wa? In duk kamfaninku ne, suna da abin kamawa. Sai dai shawara ce, ba ta tilasta kowa. Dokar ƙasarku ce za ta yanke hukunci, don haka a ga lauyan ƙwadago tukuna.

Wani memba: Ɗan'uwa, ka riƙe aikinka. In aka kore ka, albashinsu ba zai ƙaru ba, 'ya'yanka ne za su kwana da yunwa.

Tsohon ɗan ƙwadago: Tsoron gaskiya ne, amma shiru ba mafita ba ne, ɗana. Kada ka shiga ofishin manaja kai kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka kai maganar ga ƙungiyar ma'aikatan dindindin, ka nuna musu cewa nasu wuyan ne a ciki: muddin akwai mai yin aikinsu a rabin kuɗi, duk wanda ya yi ritaya da ɗan dillali za a maye gurbinsa, su kuma ba su da bakin neman ƙari. Ka bincika kuma ko dillalin yana cire wani kaso daga albashinsu. Yarjejeniyar ILO ta 181 ta 1997 ta hana irin waɗannan kamfanoni karɓar kuɗi daga ma'aikaci, a ƙasashen da suka amince da ita.

Wata memba: Yaya, ka fara jin ta bakin 'yan dillalin, don su ne za a fara kora. Kuma akwai abin da ke hannunka yanzu: duk raunin da aka ji ka rubuta shi a rajista da kwanan wata, in gurbi ya samu ka ba da sunayensu.

Mai neman shawara: Na gode, Allah ya saka. Zan zauna da su. Amma su ma suna da ikon shiga ƙungiya?

Lauyar: Sashe na 23 na sanarwar 'yancin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ba kowa wannan ikon, Yarjejeniyar ILO ta 98 ta 1949 kuma ta hana korar ma'aikaci saboda shi. Haɗarin 'yan dillali shi ne a ƙi sabunta kwantiraginsu ba tare da faɗin dalili ba, don haka su shiga gaba ɗaya, kowa ya adana takardun albashinsa.